Mangwaron Tsohon Ofis

Bayan la'asar ta ranar Juma'a Hajiya Sailuba ta faɗo caji ofis kamar an jeho ta.

"Sufeto, an sace mana inji!"

Sufeto Nata'ala mutum ne mai sanyin jiki. Abokan aikinsa kan tsokane shi cewa ko gobara ake yi sai ya gama ɗaure takalmi. Kujera ya tura mata.

Ita ce shugabar ƙungiyar matan da aka ba tsohon ofishin kamfanin sayen amfanin gona, ginin dutsen nan na tsakiyar Suleja da aka yi tun garin yana amsa sunan Abuja. Ya daɗe a kulle, jemagu na zaman haya kyauta. Yanzu za a mai da ƙasansa ɗakin awon ciki da rigakafin yara, samansa wurin koyon ɗinki. Sai dai akwai wani ƙaton mangwaro a tsakar ginin, injiniya ya ce a sare shi a yi wurin ajiye motoci. Sun yi hayar injin yanka itace, gobe da safe za a kayar da shi. Leburori sun tafi masallaci, suka dawo ba inji.

"Maigadin nan ne, wallahi," in ji Hajiya. "Ni dai a kama shi."

Da suka isa, Sufeto ya fara duba kwaɗon ƙofa. Lafiyarsa lau, ba wanda ya taɓa shi da ƙarfe.

Tsakar ginin duk ciyawa ce da tarkace, amma gindin mangwaron a share yake fes, ƙasar da danshi. Jan fentin da injiniya ya shafa wa bishiyar, alamar sarewa, an goge shi, saura ɗan burbushi. Sufeto ya kai hancinsa. Kananzir.

"Ikon Allah," ya ce. "Ɓarawo ya ɗauki inji, ya kuma tsaya yi wa bishiya wanka."

Aka kawo maigadin, Malam Bamalli, tsoho siriri mai farin gemu, yana ta kallon ƙasa.

"Baba, da ka tafi masallaci wa ka bar wa makulli?"

"Yana aljihuna, Yallaɓai."

"Mu gani."

Ya miƙo. Igiyar makullin ta yi jawur, tana maiƙo.

"Baba, da manja kake alwala?"

Tsohon ya miƙo hannuwansa biyu. "Ni na ɗauka. Ku tafi da ni."

"Ina ka kai shi?"

"Na sayar. A kasuwar Diko."

"Tsakanin huɗuba da sallama? Kai Baba, ashe jirgi gare ka."

Ƙarya ba ta yi wa bakin Malam Bamalli kyau ba ko kaɗan, har tausayi ya ba Sufeto. Ya ce wa kofur ɗin da suka zo tare ya zaunar da shi a mota, shi kuma ya tsallaka titi.

Daidai ƙofar ginin akwai rumfar wata dattijuwa 'yar kabilar Ibo mai sayar da manja da garin rogo. Sunanta Ijeoma, amma duk kasuwa Maman Linus ake ce mata, ko da yake ba wanda ya san Linus ɗin.

"Mama, barka da kasuwa. Kin ga wanda ya shiga can lokacin Juma'a?"

"Oga, ni ban ga komai ba. Ina barci."

Hannayenta na cikin zane. Sufeto ya ce ta auna masa kwalba ɗaya. Dole ta fito da su. Ƙarƙashin faratanta ja ne.

"Manja ne," ta yi saurin cewa.

"Mama, a gidanmu manja ba ya warin kananzir."

Idonta ya tsallake kafaɗarsa, ya sauka kan Malam Bamalli a bayan motar 'yan sanda, hularsa a hannu. Nan kwalbar ta suɓuce mata.

"Haba Oga, ku sake shi! Tsohon nan bai taɓa ɗaukar ko allura ba. Kowace Juma'a ni yake bar wa makulli in shiga in yi shara."

Ta janye buhunan gari. Ga inji nan kwance cikin baro, an lulluɓe shi da leda kar ƙura ta shige shi.

"Ba sayarwa zan yi ba. So nake gobe ta zo ba su da abin yanka."

Hajiya Sailuba ta iso tana huci. "Maman Linus! Ke? Saboda mangwaro?"

"Ba mangwaro ba ne, Hajiya." Muryarta ta yi ƙasa. "Mijina, Alphonsus, akawu ne a ofis ɗin nan, muna zaune a ɗakin baya. Can na haifi ɗana Linus. Mu a wajenmu in cibiyar yaro ta faɗi, ana binne ta a dasa itace a kai, itacen ya zama nasa. Ba mu da gona a Suleja, sai muka dasa masa mangwaron a nan. Yana shekara huɗu ƙyanda ta ɗauke shi. Dangin mijina suka tafi da gawarsa gida. Mijin ma ya bi shi. An ce in koma, na ƙi. Wa zai ba shi ruwa?"

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na zo ranar taro. Injiniya yana ta turanci da takardu, kunya ta kama ni."

Sufeto Nata'ala ya ga gawa iri-iri a aikinsa bai girgiza ba, amma wannan ta taɓa shi. Ya yi gyaran murya.

"Mama, ɗaukar abin da ba naki ba laifi ne. Sai mun je ofis kin ba da bayani."

"Na sani, Oga." Ta gyara ɗaurin zane. "Kafin in dawo za su sare shi?"

"Injin nan ya zama shaida. Yana hannuna sai Litinin." Ya dubi Hajiya. "Sai dai in za a yi hayar wani."

Hajiya ta juya. Ta tsallaka titi, ta shiga tsakar ginin, ta tsaya ƙarƙashin mangwaron tana kallon sama. Rana na dukan ko'ina, ban da inda take tsaye. Da ta dawo idonta ya yi ja.

"Mota nawa gare mu da za mu yi mata gida? Masu goyo a ƙafa za su zo, su yi layi cikin rana." Ta share hanci da gefen mayafi. "Benci za a sa. Allurar ƙyanda ma a nan za a riƙa jiran ta."

Maman Linus ta toshe baki da hannu.

Sufeto ya buɗe mata ƙofar gaba da kansa, ya mayar wa Malam Bamalli makullinsa. Mota ta fara tafiya ke nan ta leƙo ta taga.

"Malam! In za su sa benci, kar su zuba siminti a gindinsa!"

"Ina nan," in ji tsohon. "Je ki dawo, ni zan ba Linus ruwa."