Muryar Da Ta Amsa Wa Ungulu

"Ai tun ɗazu nake jin marigayin yana magana a ɗakin nan."

Mai shara ce ta faɗa wa maigadi haka, ƙasa-ƙasa, a kan matattakala. Sufeto ta wuce su kamar ba ta ji ba, amma maganar ta bi ta har hawa na biyu.

Situdiyon fassara ne, inda ake ɗora muryoyin Hausa a kan finafinan waje. Shirin da ya fito da su na dillalan ƙwaya ne, gida biyu masu yaƙi a kan tashar jirgin ruwa. Shugaban gida ɗaya Maciji, na ɗayan Ungulu. Masu yin muryoyin nan biyu har sunayensu na gaskiya sun ɓace, kowa da sunan mugunsa ake kiransa.

Mai muryar Ungulu ne zaune a ɗakin ɗaukar sauti, ɗan ƙaramin ɗaki mara taga da aka manne bangonsa da soso. Hedifon na kunnensa, idanunsa a buɗe. A allon gabansa fuskar Maciji ta fim ta tsaya cak, baki a buɗe.

"Ranki ya daɗe," in ji Kofur, "mutumin nan fa ya kashe mutum saba'in a talabijin. Ga shi ko ƙwarzane babu a jikinsa."

"Zuciya ce," in ji Likita. "Ta daɗe da lalacewa. Firgita ɗaya ta ishe shi."

Sufeto ta ji wani ɗan sauti kamar kukan sauro. Daga hedifon ɗin yake fitowa. Ta cire shi a hankali daga kan gawar, ta kara a kunnenta.

Murya ce a shaƙe, tana maimaita kanta.

"Ƙanena, ka jira in mutu tukuna. Ka dawo min da muryata."

Ta san muryar nan, kowa ya san ta. Ta Maciji ce. Shi kuwa mai muryar Maciji wata biyu ke nan da rasuwa.

Ofishin Darakta yana kallon ɗakin. Mutum ne mai tumbi, sai goge gumi yake duk da fanka na kansa.

"Tunda Maciji ya rasu, wa yake yin muryarsa?" in ji Sufeto.

"Ungulu. Ya iya kwaikwayonsa, ko matarsa ba za ta bambance ba. Shi kaɗai yake shiga ya rufe ƙofa, ya zagi kansa da wannan murya, ya rama da waccan."

"Yaushe ya karɓa?"

"Bayan rasuwa mana."

"A kashi na arba'in da ɗaya muryar ta canja," in ji Sufeto. "Mahaifiyata ce ta lura, ta ce Macijin nan ya daina jan numfashi kafin ya yi barazana. An nuna kashin nan wata guda kafin rasuwar."

Darakta ya ajiye hankicin.

"To, ciwon maƙogwaro ya kama shi, murya ta fara tafiya. Ungulu ne ya same ni ya ce kar a tsayar da shiri, shi zai iya. Me zan yi? Mutane na jira."

"An gaya wa Maciji?"

"A talabijin ya ji."

Kofur ya shigo da wani kati da aka samu a aljihun gawar. Na asibitin zuciya ne, na bara. A gurbin wanda ya kawo mara lafiya, sunan Maciji na gaskiya ne a rubuce.

"Wallahi ni yau na fara jin yana da ciwon zuciya," in ji Darakta. "Ɓoyewa yake kar a sauke shi."

Kofur ya rage murya. "Ranki ya daɗe, in wanda ya saka sautin nan bai san da ciwon ba, mugun wasa ne. In ya sani, kisa ne."

"Na sani," ta ce.

Injiniyan sauti yana gaban kwamfutarsa, hannu a tsakanin gwiwoyi.

"Wa ya saka wannan a cikin aikin yau?"

"Ban sani ba, Hajiya. Ni duk sautin marigayi Maciji na kwashe na adana."

"Ka fita da safen nan?"

"Ko nan da ƙofa."

"Maigadi ya ce tara da rabi ka tura babur wajen mai faci," in ji Kofur. "Ko shi ma babur ɗin muryarka ya kwaikwaya?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Kunna min a lasifika," in ji Sufeto. "Ka ƙara sauti daidai inda ya yi shiru."

Muryar ta cika ɗakin, har mai shara da ke leƙe ta ja da baya tana salati. A tsakanin jimlolin biyu akwai wani abu a can ƙasa, gurr, gurr.

"Tattabaru," in ji Sufeto. "Ba a ɗakin soso aka ɗauki wannan ba."

Ta juya ga farin allon da ke bango, inda ake rubuta jerin masu shiga. Ƙarfe goma, Ungulu. Ƙarfe tara, Umma.

"Wace ce Umma?"

Injiniya ya ɗago kai. "Ita ke yin muryar iyaye mata. Matar marigayi Maciji ce. Hajiya, don Allah, matar nan ko ƙuda ba ta kashewa."

Da la'asar suka isa gidan. Tun daga ƙofa ake jin tattabaru, akurkinsu na jingine da tagar ɗaki.

"Ku shigo, 'yata. Na ɗora ruwan shayi."

Sufeto ta tsaya a bakin ƙofa. Tun tana firamare take jin muryar nan a rediyo. Ita ce uwar da ke lallashi a kowane shiri, ita ke cewa yi haƙuri, Allah na nan. Ba ta taɓa ganin fuskar ba sai yau: mace siririya, da tabarau a goshi.

"Umma, kin je aiki da safe?"

"Na je, na yi layukana shida na dawo."

"Kin taɓa kwamfutar?"

"Ni ina na iya waɗannan abubuwan?"

"Shekara nawa kike aikin?"

"Ashirin da biyu."

Sufeto ta shiga ɗakin. Ta zauna a bakin kujera tana kallon tagar. Tattabara ɗaya ta yi kuka, ta sake yi. Kofur ma ya juya ga tagar.

Umma ta sauke tabarau, ta ɗauko wata tsohuwar waya daga ƙarƙashin matashi.

"A gadon nan ya ɗauka, ranar da ya ji kansa a talabijin alhali yana kwance. Bai tura ba. Ya ce Ungulu ƙaninsa ne a sana'a, shi ya koya masa tsayuwa gaban makirfo, ba zai kunyata shi ba." Ta shafa wayar. "Duk ranar shiri, maƙwabta na kunnawa. Ina zaune nan sai in ji mijina ta katanga yana cewa zai yanka wani. Mijina da na gani an fitar da gawarsa. Jikata ta taɓa rugawa waje tana kiran Kaka."

"Sai kika saka a cikin aikinsa."

"Na saka daidai inda Maciji zai ba da amsa. Na ce tunda yana son magana da shi, to yau ya amsa masa da kansa. Sau ɗaya kawai nake so ya ji."

Ta tashi da kanta, ta kashe risho, ta watsa wa tattabarun hatsi, ta yafa mayafi. Kofur ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ta girgiza masa kai.

A mota suka zauna baya su biyu. Katin asibitin na aljihun Sufeto, tun a gidan take jin kaifinsa a cinyarta. Sun wuce gidan mai, sun wuce shataletale. In ta yi shiru har ofis, rahoton zai ce mugun wasa, kuma babu mai tuhumarta.

"Kin yi shiru, 'yata," in ji Umma, da muryar nan ta lallashi. "Ko ba ki da lafiya?"

Sufeto ta ciro littafinta, ta buɗe biro. Ba ta iya kallonta ba, sai bayan kujerar direba.

"Umma, ranar da mijinki ya kai Ungulu asibiti bara, da ya dawo gida, ya gaya miki abin da likita ya ce?"