Gwiwar Sallau

A wani zamani an yi wani ɗan ƙwallo da ya ɓoye ciwon gwiwa ya buga wasa, gwiwar ta lalace har abada. Sai ya koma horar da 'yan wasa, yana ɗingishi.

Ranar wasan cin kofi, ya ga gwaninsa Sallau yana taka ƙafa da dabara.

Ya ce, "Zauna."

Sallau ya ce, "Koci, lafiyata ƙalau."

"Haka ni ma na ce. Zauna."

Mutanen gari suka yi ta ihu a sa Sallau. Kocin bai ko waiwaya ba. Aka cinye su, aka kore shi daga aiki, ya tafi gida yana ɗingishi.

Sallau kuwa ya warke, ya ƙara shekara goma yana wasa da ƙafafunsa biyu.