Kunnen Kaka Thomas

An fasa auren Rebeka Manasse da Dzarma a watan Nuwamba na 1986, bayan an riga an sanar da shi a coci. Ita malamar firamare ce a unguwar Bolori a Yerwa, shi kuma akawu. Ba faɗa suka yi ba. Baffansa Joseph ne ya zo gaisuwar iyaye, ya yi tambaya ɗaya: kakanta Thomas ɗan wane dangi ne?

A wurin mutanensu ba a aure cikin dangi ɗaya, saboda haka dole a sani. Mahaifinta ya sunkuyar da kai. Thomas ɗan riƙo ne. Wani manomi a ƙasar Biu ya raine shi, ya mutu bai faɗi inda ya samo shi ba. Abin da aka tuna kawai, an yanke masa gefen kunne tun yana jariri.

"Rebeka tawa, ki ba ni lokaci," in ji Dzarma a ƙofar makaranta. "Zan shawo kan Baffa."

"Da me?"

"Da... magana."

"Kai da ko tari ba ka iya yi a gabansa?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ita ta shiga neman asalin Thomas. Da hutu ta je ƙauyen manomin, tsofaffi suka ce makiyaya ne suka bar yaron, kuma zuriyarsu na Yerwa suna sayar da shanu. Dillalai suka tura ta unguwar Mafoni, gidan wata tsohuwa, Hajja Falmata. Ta ba ta labarin kunnen.

"Mu muke yin haka, 'yata," in ji Hajja. "Innata 'ya'ya ne suke ta mutu mata. Da ta haifi yayana Yunus, sai aka yanke masa kunne aka ba baƙo riƙo, don in mutuwa ta zo kada ta gane shi. Da aka koma ɗaukarsa, aka ce mutanen sun tashi."

Rebeka ta gyara zama. In haka ne, babu jini tsakaninta da Dzarma.

"Naku wane kunne ne?" Hajja ta tambaya. "Innata na hagu take shafawa in ta tuna shi."

Rebeka ba ta sani ba. A gida mahaifinta ya ce na dama ne. Gwaggonta Edith ta rantse na hagu ne, ai ita ta yi jinyarsa.

Duk da haka ta kai labarin gaban Baffa Joseph, Dzarma na zaune a gefe.

"Kin yi ƙoƙari, Malama," in ji Baffa. "In na dama ne, har yanzu ba mu san ki ba, wataƙila ƙanwarsa ce ke. In na hagu ne, jikar masu shanu ce ke, waɗanda suka cinye gonar ubana. Wanne za mu ɗauka?"

Ta juya ta kalli Dzarma.

"Ba ka da abin faɗa?"

"Rebeka... ki gane."

"Na gane."

Da Ista Dzarma ya auri wata ma'aikaciyar jinya da aka san kakanninta. Rebeka ba ta je ba.

Hajja Falmata ta aiko mata da man shanu, da tambaya ko an tabbatar da wane kunne ne. Thomas yana kwance a ƙasar Biu tun 1971. Har yau mahaifinta Manasse na cewa dama, Edith na cewa hagu.