Jirgin Mahbub

Warin dalma na fara ji, alhali ban ma kunna ƙarfen liƙa waya ba.

Ina zaune a zaurenmu a Gwarzo bayan isha'i, na buɗe kan jirgin ƙasan wasan ƙanena Mahbub. Babanmu mai gyaran rediyo ne ya fara gyara masa, ya rasu bai gama ba. Tun ranar yaron bai ci abincin kirki ba. Na cire injin da ya ƙone, na sa na tsohuwar rediyon kaset, amma jirgin baya-baya yake tafiya.

Wani dattijo ya shigo ba sallama, ya tsuguna gefena. An tafka ruwa, amma ƙafarsa ba taɓo.

"Ikilima, kin juya wayoyin. Jar ce a sama."

Na kasa ɗaga kai. Hannunsa kawai nake kallo yana musanya su, ga tabon ƙuna a babban yatsan da na riƙe a asibiti ranar da babanmu ya rasu.

Jirgin ya yi gaba.

"Baba," na ce, "Mahbub bai yi barci ba. In kira shi?"

Ya juya fuskarsa wajen ƙofar cikin gida. Sannan ya miƙe a hankali ya fita.