Zanin da Ya Tallafi Wuyan Ko Zeya

Ma Thuza na tsaye a bayan kujerar mijinta tana gasa masa wuya da ruwan ɗumi, yatsunta na bin ƙeyar a hankali yadda ma'aikaciyar asibiti ta koya mata.

"Nan ne?"

"Ƙasa kaɗan — yauwa! Da kin buɗe shagon tausa, da tuni mun sayi mota."

"Kwastoma ɗaya ya ishe ni, shi ma ga surutun tsiya."

Shekara biyu ke nan da ciwon ya kama mijin nata, Ko Zeya, mai zanen lema da duk garin Pathein ya san hannunsa. Likitoci sun ce jijiyoyin da ke motsa tsoka ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma ba su da maganin warkewa. Hannu ne ya fara sakin buroshi, yanzu kuma wuya ya gaza ɗaukar kai. Da ya zauna sai haɓa ta faɗo ƙirji, ƙeya ta ɗau zogi har ya yi ƙwalla. Kwalar robar da aka ba su ta goge masa haɓa, ga zufa, ga ƙwarewa wajen haɗiya. Wata rana da dabara ta ƙare mata, Ma Thuza ta naɗe tsohon zaninta da wanki ya lausasa, ta zagaya masa a wuya, ta ɗan kwantar da kujerar baya. Ranar ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Ma'aikaciyar ma da ta gani, cewa ta yi a ci gaba.

Yau tana cikin ɗaura masa zanin a wuya ne mahaifiyarsa, Daw Ohn Kyi, ta shigo daga ƙauye da kwandon busasshen kifi. Kwandon ya suɓuce.

"Me nake gani? Zanin mace a wuyan ɗana!"

"Amay, ki tsaya in yi miki bayani..." in ji Ma Thuza, da kiran da ake wa uwa a garin.

"Bayanin me? Ko a igiyar shanya namiji ba ya ratsa ƙarƙashinsa, don kada kwarjininsa ya zube! Ashe ke kika sunkuyar masa da kai!" Ta fizge zanin ta jefar. "Gobe da safe kwalekwale zai zo, in tafi da abina. Kada ki ƙara taɓa shi."

Maganar ta soki Ma Thuza har zuci. Tana da amsa a baki, amma ta haɗiye, ta tsince kifin ta shige kicin tana kuka ba sauti. Ba zargin ne ya fi ci mata rai ba, tunanin wanda zai gasa masa wuya gobe ne.

Tsohuwa ta maƙala masa kwalar roba ta hau ba shi farfesu. Cokali na uku ya ƙware, ya yi ta tari har ta tsorata ta cire kwalar. Kan ya faɗo gaba. Ta tallafe shi da hannu, hannun ya gaji, ta saki, ya yi nishin da ya sa Ma Thuza riƙe ƙofar kicin.

"Amay," ya ce, muryarsa na fita da ƙyar, "wata biyar ban gan ki ba. Tun da kika cire zanin nan, ƙafafunki kawai nake kallo. Kwarjinin ya tafi inda zai tafi, ni fuskarki nake so."

Daw Ohn Kyi ta miƙe ta shige ɗaki, sai aka ji ƙyalle yana yagewa. Ta fito da baƙin ƙyallen da ke saman nata zanin, irin wanda uwa kan ba ɗanta ya riƙe in zai shiga haɗari.

"Thuza! Fito mana, kifin ya isa haka."

Ta duƙa da kanta ta ɗauko zanin da ta jefar, ta kakkaɓe.

"Nawa ya yi siriri shi kaɗai. Naɗa shi a kan naki, 'yata. Ki nuna min yadda ake yi."

Hannu huɗu suka ɗaura. Haɓar ta tashi, Ko Zeya ya dubi mahaifiyarsa da kyau.

"Kai, Amay, kin tsufa!"

"Ji ɗan banza!" ta ce, tana dariya tana share hawaye da bayan hannu.

Washegari kwalekwale ya zo ya koma ba kowa a ciki sai mai tuƙi. Ciwon bai warke ba, amma zogin ya yi sauƙi, kuma Ko Zeya bai ƙara rasa mai riƙe masa kai ba. Da Ma Thuza ta rama cikin fushi, da gidan ya rabe biyu. Haƙurinta na wuni ɗaya ya bar mata mijinta, ya kuma ƙara mata uwa.