Hannun Malam Bawa Bai Yi Rawa Ba

Da hantsi Dakta Faith ta shigo ofishin 'yan sanda na Kalgo tana huci.

"An sace jakar magani daga motarmu a Diggi!"

Insfekta Muzzammil, mutumin Gwandu da ba a taɓa gani yana gaggawa ba, ya tura mata kujera.

Ta ce tawagarta na ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon karkarwa, don a ga sassan da suka daina aiki tare. Sai majiyyaci ya yini bai sha magani ba ake ɗauka, shi ya sa ta karɓe kwalaben maganinsu jiya ta zuba a jakar. Yanzu direbanta Lukuman ake zargi, kuma kora ke jiransa.

"Wallahi ban matsa daga motar ba," in ji Lukuman, da ya biyo ta ofishin.

Insfekta ya nuna maiƙon da ke rigarsa. "Wannan fa?"

Lukuman ya sunkuyar da kai. Ya amsa cewa ya bar motar da aka yi masa tayin nama a gidan Malam Bawa, ɗaya daga cikin majiyyatan, inda ake shirin suna.

Suka isa Diggi. Malam Bawa na zaune a zaure, rungume da jariri.

"Jikana ne, takwarana," ya ce, baki har kunne.

Insfekta ya zuba wa hannun tsohon ido. Ko motsi.

"Baba, yaushe rabonka da magani?"

"Tun jiya da safe. Kunu kaɗai Kande ta ba ni."

Aka kira matarsa. Inna Kande ta fito da ludayi a hannu.

"Ni mi na sani da mota, ɗan nan?"

"Inna, wa ya aika wa direba nama?"

Sai hawaye. Ta koma ɗaki ta fito da jakar.

"Ni ce. A kunu na jiƙa mai maganin. Tun da anka haifi yaron ga yake kuka a ɓoye, wai kar a ba shi ya yar da shi. Yau suna, ya rasa ɗaukar takwara nai? A saki direba, ba ruwanshi."

Dakta Faith ta goge ido. "A ɗage hoton zuwa mako mai zuwa."

"Inna, sai mun je ofis kin yi bayani," in ji Insfekta a hankali, yana buɗe mata ƙofar gaba ta mota.

Malam Bawa ya biyo su har bakin mota da jaririn a ƙirji.

"Yallaɓai, ka maido min ita kafin maganin ga ya sake ni. Ita ka karɓar yaro."