Asusu da Sunan Umma

"Auta, ki kalle ni mana. Asusun kawai za a buɗe da sunana, ban ce a ba ni shagon ba."

Ban kalle shi ba. Na ci gaba da ninke 'yan rigunan jarirai ina jerawa a kan tebur, don na san kaina, idan na haɗa ido da Dogo duk taurin kaina narkewa yake yi.

Dogo shi ne wanda zan aura. Ma'aikacin jinya ne a wata ƙasa mai nisa, hutu ya kawo shi gida, kuma tun da ya sauka maganar nan ce a bakinsa.

Shagonmu ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. Umma ce ke saƙa kayan jarirai, huluna, safa, riguna da barguna. Ni kuma na buɗe mana shafi a intanet, ina ɗaukar hoto ina karɓar oda. Masu saye na gida ba mu da matsala da su. Daga waje ne abin ya ƙi. Abokan aikin Dogo sun ga kayanmu sun yaba, su shiga shafin su zaɓi abin da suke so, suna zuwa wajen biya sai a ƙi karɓar katinsu. Kamfanin da ke karɓar mana kuɗi katin bankunan gida kawai ya sani, da kuɗinmu na gida. Manyan da ke karɓar kuɗin kowace ƙasa kuwa na bi su har na gaji. Wasu ba sa aiki da ƙasarmu sam, wasu kuma takardun da suke nema da kason da suke yanka sai dai babban kamfani.

"Can a banza ake buɗe asusun nan," in ji Dogo. "Su biya a wurina, ni in turo muku. Ina wahalar take?"

"Wahalar ita ce kuɗin Umma zai fara kwana a aljihunka."

"To? Ni baƙo ne?"

"Ba baƙo ba ne kai. Amma ba za a yi ba."

Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Zuciyata... za ki ba ni rayuwarki, amma ba za ki iya ba ni amanar kuɗin safa ba?"

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Kafin in samo amsa Umma ta ɗaga labulen ɗakin baya, kwarashin saƙa a hannunta, tabarau a kan hanci.

"Ɗana, duk na ji," ta ce. "Ban taɓa zarginka da komai ba. Amma ka san abin da ya sami yayarta."

Ya sani kuwa. Yaya tana da shagon turare a intanet, ciniki har ba ta samun barcin rana. Mijinta ya buɗe mata irin wannan asusun da sunansa, lokacin ana ganiyar soyayya. Ranar da auren ya mutu, da latsawa ɗaya ya rufe komai. Masu saye suka bi shi, ita ta dawo gida da kwalabe.

"Ni ba shi ba ne, Umma."

"Shi ma da farko ba shi ba ne," ta ce a hankali. "Idan sai da wannan sharaɗin, to a dakata da maganar auren."

Dogo ya dube ni, yana jira in ce wani abu. Na so in ce, wallahi na so. Amma na kalli yatsun Umma da zare ya cinye, na ja bakina na yi gum. Ya yi mana sallama ya fita, sai da ya sunkuya a ƙofa kamar kullum.

Kwanaki suka shuɗe babu kira babu saƙo. Na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska na fito na amsa wa masu oda da fara'a. Yaya ta kama ni ina kallon hotonsa a waya.

"Ki kira shi mana, 'yar taurin kai. Kada ki rasa mutumin kirki saboda abin da ya same ni."

"Ina sonsa, Yaya, har ba na jin daɗin abinci. Amma ban yi laifi ba. Idan nawa ne zai dawo."

"Ji baki. Ke wa kika gado ne?"

"Umma," na ce, muka yi dariya ina share hawaye.

Ana gobe Dogo zai koma, da hantsi, sai ga shi yana jan wani ƙaton akwati. Ya kwantar da shi a tsakiyar shago ya buɗe. Babu komai a ciki.

Na ɗaure fuska. "Lafiya, malam?"

"Ba wajenki na zo ba," ya ce. "Wajen mai shago na zo."

Ya durƙusa ya gaida Umma. "Umma, sari na zo yi. Zan sayi kaya a shafinku, da katina na gida, da kuɗinku, kamar kowa. In tafi da su can in sayar da kaina. Idan sun ƙare in sake oda, ba za a aiko da ko safa ɗaya ba sai kuɗi ya shiga hannunki."

Umma ta sauke tabarau. "Idan ba su sayu ba fa?"

"Asarata ce."

"Babu ragi, ka sani."

"Haba Umma, ko na suruki?"

"Wane suruki? Ni ɗan sari nake gani."

Ya zauna a kan benci ya ciro waya ya shiga shafin da na gina da hannuna. Ina tsaye a kansa yana zaɓa, har da tambayata ko masu launin ruwan ƙwai za su yi kasuwa. Ya latsa biya. Wayar Umma ta yi ƙara a cikin kwandon zare. Ta ɗauka ta karanta saƙon banki da sunanta a sama, ta daɗe tana kallonsa.

Muna cika akwatin ya matso kusa da ni. "Na yi fushi, Auta. Daga baya na zauna na tambayi kaina, da ƙanwata ce me zan so a yi mata?"

"Ni ma na sha kuka," na ce.

"Na gani a idonki. Ki yafe mini, zuciyata."

Har zai ja zif Umma ta ce ya dakata. Ta shiga ɗakin baya ta fito da wata 'yar safa fara, ƙarama kamar babban yatsa. Ban taɓa ganinta ba, ba ta cikin kayan da na ɗauka hoto. Ta kama hannun Dogo ta sa masa a tafi ta rufe da nata.

"Wannan ba ta sayarwa ba ce," ta ce. "Ka adana ta, za ku buƙata. Ka ce wa iyayenka ina jiransu."

Sai ga Dogo mai surutu yana hawaye. Ni kuwa kunya ta sa na ruga ɗakin baya, na yi karo da Yaya a bayan labule tana kuka tana dariya.